Kofur Mai Rabin Kabalu

Duk wanda ya zauna a unguwar Badarawa ta Kaduna bayan an gama yaƙin basasa ya san Kofur Isma'ila, in ma bai san sunansa ba to ya san hannunsa. Dogo ne baƙi, mai muryar da in ya ce "kai!" a bakin famfo sai akuyoyin layi na uku su daina tuƙa. Hannunsa na dama kuwa a lanƙwashe yake bisa ƙirji, safe da yamma, barci da farke. Ɓarɓashin bam ne ya same shi a gwiwar hannu can bakin daga wajen Anaca. Likitocin soja suka ɗinke, suka ɗaure, ranar da aka kwance sai hannu ya nuna shi fa nan ya ga wurin zama. Aka miƙa masa takardar sallama, aka ce ya gode wa Allah da ba a yanke ba, shi kuwa ya gode.

Asalinsa ɗan manomin rake ne daga wani ƙauye a ƙasar Maƙarfi. Bai koma gida ba, don fartanya ba ta jin uzurin mai hannu ɗaya. Ya kama ciki da falo a Badarawa shi da matarsa Delu, mai unguwa ya damƙa masa makullin famfon unguwa, ya buɗe da safe, ya rufe da yamma, ya kuma tabbatar kowa ya bi layi. Mutum uku aikin nan ya kora kafin shi, na ukun ma da bokiti aka rotsa masa kai. Kofur bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Tsayawa kawai yake ya ce, "Layi ɗaya! Tulu bayan tulu!" sai ka ga har 'yan garuwa sun shiga taitayinsu.

A bakin famfon nan ya zama malamin faɗa. Yakan ce da masu zaman hira a bencinsa, "Ku ba ku san faɗa ba. Na bindiga ai shi ne mai sauƙi, ka ji ƙara ka kwanta. Na mata a famfo ma lafiya lau ne, a yi ashar, a fizge ɗankwali, jibi ka gan su gidan biki suna ci a kwano ɗaya. Wanda nake tsoro shi ne wanda ba a jin ƙararsa." In aka ce wanne ke nan, sai ya ce a matsa da tulu, ruwa na zuba. Haka kuma ba kowane shiru ya yarda da shi ba. Ya taɓa shiga wani gari da babu ko kukan kaza, aka rubuta a rahoto wai an sami zaman lafiya a wurin, shi kuwa duk ranar da ya tuna garin nan ba ya iya cin tuwo.

Karatunsa na addini bai yi nisa ba. Mahaifinsa ya koya masa Fatiha da gajerun surori biyar a bakin gona, ya koya masa tsayuwar salla hannuwa a sake, iyakar jarinsa ke nan. Sauran a rami ya koya. Ya yi salla da takalmin soja a ƙafa, ya yi taimama da jar ƙasar da bai san sunan garinta ba, yana yi abokinsa Bitrus, mutumin Kagoro, na tsaye da bindiga yana cewa, "Sama'ila, yi sauri, amma ka gaya masa har da ni." Ranar da aka ji masa rauni ya wuni kwance a gonar rogo shi kaɗai, azahar ta wuce shi, la'asar ta wuce shi, babu mai ce masa ko sannu. A nan ya yi wa Allah alkawari, in ya fita da rai ba zai ƙara yin farilla shi kaɗai ba, sai cikin sahu, kafaɗa da kafaɗa. Bitrus ne ya tsinto shi ya goyo shi. Tun da ya sauka Badarawa bai taɓa saɓa alkawarin nan ba, wurinsa ma sananne ne, tsakiyar sahun farko, daidai ƙeyar liman.

Masallacin unguwar ɗan ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano, kowa ya sa hannu aka tashe shi. Limaminsa Malam Zakari, wani tsoho Bazazzagi, ba ya duba komai a sahu in ba tazarar ƙafafu ba. Mamu kuwa iri biyu ne. Akwai masu ɗora dama bisa hagu a ƙirji, 'yan kabalu ke nan, jagoransu Alhaji Musa, Bakano mai shagon kayan keke a babbar kasuwa. Akwai masu sakin hannuwa, 'yan sadalu, babbansu Malam Ahmadu baduku, Basakkwace. Kada ka ɗauka miyagu ne. Alhaji Musa a zawiyya ya buɗe ido, yana ɗan shekara bakwai shehinsu ya kama hannuwansa ya ɗora masa su a ƙirji, in ya sake su ji yake kamar ya fito ba wando. Malam Ahmadu kuwa kakan kakansa ya yi salla a bayan masu jihadi hannu a sake, don haka a ganinsa duk wanda ya naɗe hannu cewa yake magabatan nan ba su iya salla ba. Kowa abin da ya sha a nono yake karewa, sai ya raɗa masa suna hujja. Shi kansa liman babu wanda zai iya rantsuwa kan inda yake ajiye nasa hannuwan, don cikin wata ƙatuwar riga yake salla, kuma bayansa kaɗai ake gani.

Shekara biyar ana tafiya haka, a yi sallama, a gaisa, kowa ya nemi takalminsa. Sai a bazarar shekarar saba'in da biyar ƙafafun Malam Zakari suka ƙi ɗaukarsa. Ya ce a nemi wanda zai riƙa shiga gaba, shi a ajiye shi a gefe ya bi daga zaune. To, nan fa ake yin ta. 'Yan kabalu suka ce ba za su bi mai sakin hannu ba, 'yan sadalu suka ce su ma ba a haife su don bin mai rungume ƙirji ba. Mai unguwa ya ce a ƙirga magidanta, masu rinjaye su ba da liman. Aka ƙirga, tara nan, tara can, saura Kofur.

"Ai namu ne," in ji Alhaji Musa. "Ku dubi hannunsa mana! Mutumin da ko barci yake kabalu yake yi?"

"Kai tahi can!" in ji Malam Ahmadu. "Wanga bam yay yi mai shi. Ku dubi na hagu, shi ad da hankalinai. Namu na."

Aka juyo ga Kofur. Ya dubi wannan hannu, ya dubi wancan, ya ce, "Allah gafarta malamai, hagu na babana ne, dama na gwamnati ne. Ba ni da ikon ba da ko ɗaya." Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, aka watse ba matsaya.

Washegari sai ga yadi biyar na shadda daga gidan Alhaji Musa. Kwana biyu a tsakani, ga takalman fata masu ado daga rumfar Malam Ahmadu. Delu ta juya shaddar, ta shinshina, ta ce, "Kofur, ruwa ba ya tsami banza. Shekara biyar muna unguwar nan, ko ɓarin goro Alhaji bai taɓa aiko mana ba." Kofur ya ce gaskiyarta, a mayar musu da kayansu. Ta ce a'a, ita ba haka take nufi ba, ai mayar da kyauta rashin kunya ne. Kafin ya dawo daga famfo shadda ta isa wurin tela.

Alhaji Musa ya tare shi a bakin benci, yana murmushi. "Haba Kofur, kai fa Allah ya riga ya yi maka rabin aikin. Ɗago hagun nan kawai ka cusa a ƙarƙashi, shi ke nan ka shigo gida." Gaskiya ne, abu ne mai sauƙi, Kofur ma ya gwada sau ɗaya a ɗaka. Amma yana ɗagowa sai ya ji zuciyarsa ta yi baƙi. Mahaifinsa ya rasu yana bakin daga, bai sami jana'iza ba, bai gaji ko karan rake ɗaya ba. Abin da ya rage masa na tsohon nan shi ne hannun da ke sauka gefen cinya in an tayar da salla. Ya mayar da shi inda yake, bai gaya wa kowa dalili ba.

Malam Ahmadu kuwa ta wata hanya ya ɓullo. Ya ce shi don Allah ya nemo wani maɗori a Kawo wanda ya taɓa miƙar da ƙafar raƙumi. Wa zai ƙi a dawo masa da hannunsa? Kofur ya yarda. Maɗori ya zo da ƙarti biyu, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ƙartin suka danne Kofur a tabarma, shi kuma ya taka hammata ya ja da iyakar ƙarfinsa. Ihun da Kofur ya yi, an ce sai da sojojin sama na Mando suka fito duba ko wani jirginsu ne ya tashi ba izini. Hannu bai gusa ba ko taƙi ɗaya. Maɗori ya share gumi ya ce wannan ɗaurin asibiti ne, ƙarfe suka sa. Kofur yana kwance yana haki ya ce, "Malam Ahmadu, abokan gaba sau ɗaya suka taɓa hannun nan, su kuma ba su ce don Allah suke yi ba."

Da kowane ɓangare ya ga ya yi asarar kyautarsa, sai suka haɗu a kan abu ɗaya, wato Kofur jemage ne, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Daga nan faɗan da ba a jin ƙararsa ya shigo Badarawa. Aka koma jam'i biyu, waɗannan su idar waɗancan su shiga. Kofur yakan bi duk wanda ya fara tayarwa, amma sai na damansa ya ɗan matsa, na hagunsa ya ɗan matsa, a bar masa filin da akuya za ta wuce. A famfo layi ya rabu biyu ba wanda ya ba da oda, tulunan kabalu daban, na sadalu daban. Jummai matar Alhaji ta daina amsa gaisuwar Delu, alhali Delu ce ta yi mata zaman jego. Aka yi suna a gidan Malam Ahmadu, goro ya tsallake gida tara da na Kofur na goma. Ba zagi, ba duka, ba ko ɗaga murya. Mai unguwa har cewa yake, "Alhamdu lillahi, mu dai unguwarmu ba a yi faɗa ba." Kofur ya san irin wannan shirun, abin ya dame shi har ya rame.

Ƙarshe dai manya suka zauna suka samo abin da suka kira maslaha: a raba masallacin biyu da bangon bulo, tun daga tsakiyar mihirabi har ƙofa. Aka raba tabarmi, aka raba butoci, randa ɗaya ce tak don haka aka ce a bar ta a waje kowa ya zo da moɗarsa. Aka ɗauko wani magini Bakatsine mai suna Bala. Ranar Laraba da la'asar ya zo ya kafa turaku, ya ja igiya. Kofur ya shigo ya ga igiyar ta bi daidai ta kan wurin da goshinsa ke sauka shekara biyar.

"To ka zaɓi ɗaya mana, ka huta," in ji Delu da ya koma gida.

"In na shiga wurin Alhaji sai na bar na babana. In na shiga wurin Malam Ahmadu, sun ce sai na sauke wannan, kin kuma ga yadda aka kwashe da maɗori."

"Sai ka yi a ɗaka, ai ƙasar Allah ce."

Ita ba ta taɓa wuni a gonar rogo ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya bar wa Delu makullin famfo, ya saka rigar shaddar Alhaji, ya taka takalman Malam Ahmadu, ya cire su a ƙofar masallaci. Ya je ya tsaya ƙafa ɗaya wannan gefen igiya, ɗaya wancan gefen, ya kabbara nafila. Jim kaɗan Bala ya iso da leburorinsa biyu da kura cike da bulo, ya leƙa, ya ja baya. Ba a gitta gaban mai salla, balle a haƙa tushe a tsakanin ƙafafunsa. Ya ce bari ya idar. Kofur ya yi raka'a biyu, ya yi sallama, kafin Bala ya ɗaga diga ya miƙe ya sake kabbara. Ya yi biyu, ya sake. Da aka yi haka sau shida, Bala ya aika a kira waɗanda suka ba shi aikin.

Alhaji Musa ya rufo shago ya zo a babur, Malam Ahmadu ya zo da basilla a hannu, magidanta suka cika ƙofa, kowane ɓangare a nasa gefen. Alhaji ya tsuguna kusa yana dakon sallama. Tana fita ya yi caraf, "Kofur, dan Allah..."

"Allahu akbar!" in ji Kofur, da muryar fareti.

Malam Ahmadu ya ce a bar masa, shi ya san lagon abin. Ya jira, ya jira, ya buɗe baki ke nan, "Kohur, ji nan..." sai ga wata kabbarar ta danne shi. Kowannensu na da ƙarfin da zai sa a ciccibi mutumin nan a fitar, amma wa zai fara? Duk wanda ya janye mai salla daga salla a gaban ɗayan, to kafin magariba Kaduna kaf ta ji. Sai suka tsaya suna hararar juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ɗauki zunubin.

Rana ta hau, kwano ya ɗauki zafi. Shadda ta jiƙe ta manne a bayan Kofur. Surorinsa biyar ya yi ta juya su har bai san sau nawa ba, harshensa ya bushe. Aka kawo Malam Zakari kamar kullum, aka jingine shi a kusurwa yana kallo. Rana ta karkata, azahar ta yi. Babu wanda ya kira salla, don kowa na tsoron in ya kira a ce ya sallama. Kofur ya yi sallama, wannan karon ya ɗan jinkirta. Nafila ta ƙare, farilla ta zo, ga mutum kusan ashirin a bayansa amma babu sahu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a Anaca. Ya miƙe da ƙyar, ya tayar da iƙama da kansa, ya kabbara azahar shi kaɗai.

Yana tsakiyar Fatiha ya ji Bala a ƙofa yana cewa, "Ni dai azahar ta yi, kuma ba ruwana da hannun kowa." Ya ji ƙarar buta, ya ji kafaɗa mai warin siminti ta taɓa tasa. Sai leburori biyu suka shigo suka ja Bala baya, suka jera sahu a bayan Kofur. Can kuma ya ji wani irin sautin jan jiki a ƙasa, a hankali, ana nishi. Malam Zakari ne ke jan gindi daga kusurwarsa zuwa sahu, tsohon da ya raɗa wa 'ya'yan duk wanda ke wurin suna. Daga nan Kofur bai ƙara gane komai ba sai motsin riguna da takun ƙafafu. Ya yi ruku'u, ya ji tarin Malam Ahmadu ta hagu. Ya yi sujada, ƙamshin turaren Alhaji Musa ya doke shi ta dama. Murna ta ruɗa shi, lissafi ya kwance masa, bayan raka'a ta huɗu ya zabura ya miƙe zai kawo ta biyar.

"Subhanallah!" Murya biyu ne a tare, ɗaya ta Kano, ɗaya ta Sakkwato. Ya koma ya zauna, ya yi tahiya, ya yi sallama.

Ko addu'a ba a shafa ba suka yi masa ca. "Ba'adi!" in ji Alhaji Musa. "Ƙari ka yi, sujada biyu bayan sallama!"

"Awo, ba'adi na," in ji Malam Ahmadu. "Haka yaz zo ga littahi."

"Ai haka malaminmu ya biya mana."

Suka dubi juna, kowa ya ji haushin an yarda da shi. Ashe littafi ɗaya aka karantar da su suna yara, ɗaya a zaure a Kano, ɗaya a zaure a Sakkwato. Kofur ya kawo sujada biyu, kowa ya bi.

"Wanga ba ya iya limanci sai an karantar da shi," in ji Malam Ahmadu. "Kohur, sura nawa ka iya?"

"Biyar, Allah gafarta Malam."

"Inna lillahi! Biyar?" in ji Alhaji Musa. "To ni zan riƙa biya masa da safe kafin in fita kasuwa."

"Ni ko da marece, in gyara abin da kaɓ ɓata."

Bala ya tambaya ko ya haƙa ne ko ya kwashe bulonsa. Babu wanda ya kula shi, don an shiga sabuwar gardama kan surar da za a fara da ita. Ba za a ce sun daina faɗa ba, har suka tsufa ba su yarda da hannun juna ba, amma faɗan ya koma mai ƙara, irin wanda ake gamawa a sha fura. Kofur ya shekara goma sha ɗaya yana jan salla a masallacin nan da malamai biyu a kansa, duk da haka bai wuce sura goma sha huɗu ba.

A ranar dai, ana ta wannan hayaniya, shi yana zaune yadda ya idar, fuskarsa gabas, ya ƙi juyowa kamar yadda limamai ke yi. Tsoro yake ya waiwaya ya ga kunnensa ne ya yi masa ƙarya. Ya ɗan karkata kai wajen magini, ya ce a hankali, "Bala, mutum nawa ne a bayana?"

Bala ya waiga ya duba. "Duka, Kofur. Har da waɗanda ba 'yan unguwar ba."

Sai Kofur ya ɗaga hannunsa na hagu ya rufe fuska, ƙaton mutum, ya yi ta kuka a gaban kowa.